Ranar da Malama Rabi Ta Ajiye Makulli

Makon jiya 'yan mata uku sun zo gidana a nan Dutse, kowace da sabon lasisinta a jaka. Suka ce suna so su fara koya wa mata tuƙi kamar yadda nake yi. Ɗaya ta ce, "Mama, ai aikin ba wuya. Zama ne kawai a gefe, ki ce taka, ki ce saki." Ban yi mata musu ba. Na ba su ruwa, na ce su ba ni kwana bakwai in rubuta musu amsa, don ni idan ina magana da baki nakan tsallake tsakiyar zance. To ga amsar, taku ce ku ukun. Akwai wata mata da na koya wa tuƙi, ta iya sarai, ta ajiye makulli a lokacin da lafiyar mijinta ta rataya a kan tuƙinta. Dalilin ajiyewar daga bakina ya fito. Amma bari in fara daga farko.

Ni 'yar Aujara ce, aure ya kawo ni Dutse. Maigidana, wanda zan riƙa cewa Malam, ya daɗe yana jan motar haya tsakanin nan da Wudil. Da ya gaji da tasha, ya sayi wata ƙaramar mota mai giya yana koya wa ma'aikata tuƙi. Maza kaɗai ke zuwa. Wata rana wani ma'aikaci ya ce masa ya saya wa matarsa mota, ga ta can wata biyar ƙarƙashin darbejiya kaji na kwana a inuwarta, don ba zai bari ta zauna mota ɗaya da namiji ba. Malam ya dawo gida ya same ni ina tankaɗe. Ya ce, "Wanke hannunki ki zo."

Na ce, "Ina za mu?"

Ya ce, "Makaranta."

A filin wata firamare ya fara da ni, kullum bayan la'asar. Sati uku ban wuce giya ɗaya ba. Kuloci kawai: taka, saki a hankali, ji inda motar ta fara rawa, tsaya nan. Idan ta mutu ba ya faɗa, sai ya ce, "Ta yi miki sallama. Tashe ta." Daga nan ya jera jarkoki shida ya sa ni ribas a tsakaninsu har sai da na daina kayar da ko ɗaya. Da muka hau kwalta, hanyar Kiyawa ya bi da ni. A lokacin duk hanyoyinmu guda ne, mai zuwa da mai dawowa farin layi kaɗai ya raba su. Ni kuwa saboda tsoron motocin da ke tahowa, sai in manne can gefe har taya na cin ƙasa. Nan ya ba ni karatun da na riƙe fiye da kowane.

"Kar ki manne gefe. Gefe na akuya ne, da mai keke, da rami, da wanda ya fito daga gona bai duba ba. Matso kusa da tsakiya, ki bar wa gefe masu shi."

A wannan hanya, maganarsa daidai ce. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Matar ma'aikacin nan ita ce ɗalibata ta farko. Gajera ce, ƙafarta ba ta kai kuloci ƙasa, na cire matashin ɗakina na sa mata a baya. Har yau matashi biyu ba sa barin motata. Sauran kayan aikin ba su da yawa. Akwai jan harafin 'yan koyo gaba da baya. Akwai jarkoki. Akwai ƙaramin madubi da na manne a ɓangarena don in ga baya ba tare da na juya ba, saboda idan malama ta juya, ɗaliba ma sai ta juya, da sitiyarin gaba ɗaya. Akwai silifas na roba kala uku a but, don mace za ta zo miki da takalmi mai tsini ta ce da shi za ta taka birki. Akwai fil, na kame hijabi ta gefen fuska, don hijabi mai faɗi yana rufe wa mace rabin hanya ba ta sani ba. Motata ba ta da birki a ɓangaren malama. Birkin hannu kaɗai gare ni, kuma ajiye hannu kusa da shi ba tare da ɗaliba ta lura ba, shi ma karatu ne. Idan ta ga hannunki a kai, ta san ba ki yarda da ita ba, daga nan ƙafarta ta fara rawa.

Masu zuwa iri-iri ne. Malaman makaranta sun fi sauƙi, sun saba a gyara musu. Ma'aikatan jinya hannunsu ba ya rawa amma suna da gaggawa. Matan manya kuma sai an lallaɓa, don wadda ta saba ba da umarni ba ta son a ce mata "sake." Na koya wa wata Hajiya mai jikoki, wadda duk sanda ta ga tirela sai ta saki sitiyari ta ɗaga hannu tana salati. Wata biyu na yi kafin ta yarda ana iya salati hannu na kan sitiyari.

Ana cikin haka idon Malam ya fara rauni, ya bar mini motar da aikin baki ɗaya. Garin ma ya canja. Aka yi tagwayen tituna a cikin Dutse, masu dakali a tsakiya, kowane ɓangare layi biyu. Babbar hanyar da ta bi ta Shuwarin zuwa Gaya da Wudil da Kano ita ma aka mayar da ita tagwaye. Ba wanda ya tara mu ya ce ga yadda ake bin sabuwar hanya. Ni da kaina na duba, na ga layin dama shi ne ke da 'yan acaɓa da a-daidaita-sahu da masu tsayawa ba sigina, na hagu kuma, wanda ke jikin dakali, fes yake. Sai na ɗauko karatun Malam na ɗora. Ina ce wa kowace ɗaliba, "Kama jikin dakali ki miƙe. Nan ba ruwanki da kowa. Mai sauri ya san inda zai bi." A cikin gari, inda kowa a hankali yake tafiya, ba abin da ya faru sai ɗan hon. Shekaru na yi ina faɗin haka, kuma mata sun ji daɗinsa, don sauƙi gare shi.

Malama Rabi malamar firamare ce, 'ya'yanta uku duk ƙanana. Ta zo mini ne bayan an gano mijinta, Alhaji Nasiru, yana da ciwon ƙoda, likitocinsa kuma a Kano suke, sau biyu a mako ake yi masa wankin ƙodar. Motarsa na nan, amma idan ya fito daga wankin jiri ke ɗibarsa, ba ya iya ja. Ba shi da ƙane a kusa, albashinta kuma ba zai ɗauki direba ba. Ta ce, "Mama, ni ba don biki ko suna nake so ba. Kano nake so in iya zuwa in dawo." Ban taɓa samun ɗaliba mai nutsuwarta ba. Abin da na faɗa sau ɗaya, ta riƙe shi kenan. Da ta sami lasisi, ta roƙe ni in raka ta tafiyar farko.

Mun fito da hantsi a motar Alhaji, na manna ɗan madubina a ɓangarena, ranar kasuwar Shuwarin ce. Ita a sitiyari, ni a gefenta, Alhaji a baya da matashi. Muna hawa babbar hanya ta sa sigina ta koma layin hagu, jikin tsakiya, ta ajiye allurar gudu a kan sittin. Na ce, "Madalla." Motoci suka riƙa zuwa bayanmu, su ba da wuta, su yi hon, su gaji su bi ta damarmu su wuce. Can wata farar bas cike da fasinja ta zo ta manne mana. Yana wuta, yana hon, har ina ganin fuskarsa a ɗan madubina.

Rabi ta ce, "Mama, in matsa masa?"

Na ce, "Ƙyale shi. Ga hanya nan fili ta dama."

Ya kuwa bi ta dama. Ya taka mota ya jero da mu, ya juyo da kansa gaba ɗaya yana watsa mana yatsu ta taga. A gabansa akwai amalanken shanu ɗauke da buhuna, yana tahowa kasuwa ta hannun da ba nasa ba, kamar yadda mutanen ƙauyukan bakin hanya suka saba, taya ɗaya a kan kwalta. Da direban ya mayar da ido, ba sauran wuri. Hagu mu ne. Ya karya dama, gaban bas ya ɗauki sa ɗaya, motar ta gangara ta kwanta a kan gefenta cikin kwari.

Rabi ta tsaya yadda na koya mata, ba ta ja birki da ƙarfi ba. Ko ƙwarzane babu a motarmu. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Direban ya karye a hannu, wata mata goshinta ya tsage, sauran buguwa ce. Mai amalanke bai ko kalli bas ɗin ba, yana ta kewaya sansa yana ihu, "Wuƙa! Jama'a wa ke da wuƙa, kar ya tafi mushe!" Aka samo, aka yanka a nan bakin kwalta, Rabi na tsaye tana kallo.

Jami'an hanya da suka zo sun ɗora laifi a kan direban bas da mai amalanke, kuma da gaskiyarsu. Mu ba wanda ya tambaye mu komai. Sai wani dattijo da ya faka tirelarsa a baya ya tako a hankali, hularsa a hannu. Ya gaishe da Alhaji ta taga, ya yi masa sannu, sannan ya juyo gare ni.

"Hajiya, tun daga Shuwarin nake bayanku. Mota bakwai na ƙirga da suka bi ta damarku. Yarinyar nan hannunta da kyau, ba ta kaɗa ko sau ɗaya ba. Wa ya koya mata?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"Ke kika ce ta zauna a can?"

"Ni ce."

Ya sa hularsa. "To masu laifi uku ne, an rubuta biyu."

Rabi ta ji. Ta zo ta ajiye makulli a kan bonet ta ce, "Mama, ga shi. Na gama." Ta buɗe baya ta zauna kusa da mijinta. Ni na ƙarasa da mu Kano. Kafin Gaya sau biyu ina farga in ga motar ta koma jikin tsakiya da kanta, in dawo da ita dama.

Da na ba Malam labari, ya saurara yana jan carbi. Can ya tambayi kamannin dattijon da launin tirelar. Ya ce, "Ado ne, mutumin Taura. Tun ina tasha yake jan manyan motoci." Tsofaffin direbobi duk sun san juna. Ya aika masa saƙo ta tasha, bayan kwana goma sai ga Baba Ado a ƙofar gida. Na ce masa so nake ya koya mini hanyar nan daga farko. Ya ce ba ya koya wa mata. Malam ya ce ai shi zai zauna a baya. Haka na mayar da jan harafin 'yan koyo saboda kaina, ina da jika a lokacin.

Fitarmu ta farko, tun kafin mu bar gari suka fara zolayar juna shi da Malam, Baba Ado ne ya buɗe.

"Kai ɗan ƙaramar mota, kai ka lalata matar nan."

"Ni na koya mata hanya ɗaya. Ku da kuka tsaga ta biyu ba ku zo kun gaya mini ba."

"Da ka zo Legas da ka gani tun tuni. Kai iyakarka Wudil, ka ci kifi ka juyo."

"Ku kuma kuna can sama kamar a kan rumbu, me kuke gani?"

"Komai muke gani. Har abin da ke cikin kwanon fasinja."

Da muka hau babbar hanya ya daina wasa. Ya ce in kama layin dama in zauna. Ya ce, "Nan ne gidanki. Wancan na hagu na aro ne. Ki shiga, ki wuce wanda ya tare ki, ki mayar wa jama'a abinsu. Ko da gudu kike, idan damarki fili ce, koma."

Na ce, "Baba, to akuya fa? Da mai acaɓa da ke tahowa ta hannuna? Su ne suka kore ni daga nan."

"Akuya daga ƙasa take tsirowa? Ke bonet kike kallo. Ɗaga idonki can, wajen bishiyar can. Abin da zai same ki a nan, tun daga can ya fara tafiya. Kin gan shi da wuri, kin duba madubi, kin sa sigina, kin fita, kin dawo. Aiki ne. Ke kin gaya wa mata su je inda ba aiki, aikin kuma bai ɓace ba, na baya kuka bar wa."

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne madubi. Na yi shekara da shekaru ina da madubi uku da ɗan ƙarami na huɗu, amma ribas kaɗai nake yi da su. Baba Ado yakan rufe na tsakiya da tafin hannunsa ba zato ya ce, "Me ke bayanki?" Idan na ce mota, ya ce, "Wace iri? Tana matsowa ko tana ja baya?" Ya koya mini kar in dawo dama sai na ga gaban motar da na wuce gaba ɗaya a madubin tsakiya, fitila biyu da lamba. Ya ce idan tirela ce in ƙara mata wuri, kuma kar in kuskura in dawo gabanta in rage gudu, don mai kaya cike ba ya tsayawa a inda ya so. Ya ce idan ina bayan tirela ban ga madubin direba ba, shi ma bai san da ni a duniya ba. Ya ce wucewa ta dama haramun ce a wurinsa, amma in sani duk wanda ya zauna a hagu yana tafiyar hawainiya, shi ke tura mutane can.

Rana ta ƙarshe muka shiga har Kano, inda hanya ke buɗewa ta zama layi uku. Ba tare da tunani ba na kama na tsakiya. Ya ce, "Ga shi kuma. Me kike yi a nan?"

Na ce, "Nan ai ban tare kowa ba. Ga hagu, ga dama."

"Duba damarki, akwai kowa? Babu. Duba bayanki." Na duba, motoci huɗu sun jeru suna jiran su kutsa layin hagu ɗaya bayan ɗaya, wani kuma ya riga ya karkata dama. "An yi wa mutane hanya uku, kin mayar musu ɗaya da rabi. Idan akwai masu tsayawa da masu sauke fasinja a dama, zauna tsakiya, ba laifi. Da sun ƙare, koma gida."

Malam daga kujerar baya ya ce, "Wannan kam ko ni ban sani ba."

"Yaushe za ka sani, kana Wudil?"

Daga nan na fara bin gidaje. Duk wadda na tuna na koya mata tun zuwan tagwayen hanya, na je na yi sallama na ce akwai abin da na faɗa mata ba daidai ba, ta ba ni awa ɗaya mu fita in gyara. Wasu sun fito. Wasu sun ce sai an tambayi maigida. Wata Hajiya ta ce, "Ni shekara shida ina bin jikin dakali, ban taɓa buga ko kaza ba." Na ce, "Haka ne, Hajiya. Ni ma ban taɓa ba. Amma kin san abin da ke faruwa a bayanki?" Ta ce abin da ke bayanta ba nata ba ne. Har yau ina ganinta a can, da jerin motoci a bayanta.

Maƙwabciyata ta ce, "Ke da bakinki kike kashe kasuwarki. Wa ya tambaye ki?" Ta faɗi gaskiya. Zancen ya zaga gari, kuma kafin ya dawo mini, sa ɗaya ya zama mutum uku. Maza suka janye matansu. Shekarar ce kuma mai ya yi tsadar da mutane suka jingine motoci, wanda bai hau tasa ba ina zai aiko matarsa koyo. Wata huɗu ba ɗaliba ko ɗaya. Motata ta koma ƙarƙashin darbejiya, kaji suka same ta. Na koma yin zoɓo da kunun aya ina aikawa bakin asibiti. Ranar Juma'a nakan tayar da motar in bar ta ta yi ɗumi don kar batir ya mutu.

Duk wannan lokacin Alhaji Nasiru a motar haya yake zuwa Kano. Zuwa da sauƙi. Dawowa ne, mutum ya fito daga wanki jiki ba ƙarfi, ya zauna a tasha yana jiran mota ta cika, sannan a matse shi su huɗu a kujera. Na kai shi da kaina wasu lokuta, amma Malam ba ya gani sosai, ba a barinsa yini guda sau biyu a mako. Alhaji ya fara tsallake ranaku. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ina zuwa gidansu duk Asabar, motarsa na nan a rufe da tampol. Sau ɗaya kawai na yi wa Rabi maganar. Na ce, "Malama, ba ki yi kuskure ba ranar nan. Kin ma tambaye ni ko ki matsa, na hana. Kuskuren nawa ne, na je an gyara mini, gyaran na nan yana jiranki." Ta ce, "Mama, ni da na kama sitiyari san nan nake gani." Ban ƙara ba. Ɗaliba idan ta ce haka, ba a ja.

Wata Alhamis wasu mutum biyu da Rabi ba ta sani ba suka kawo mata Alhaji a a-daidaita-sahu. Ya faɗi ne a tasha wajen saukowa. Washegari da safe ina wanke robobin zoɓo sai ga ta, makulli a hannu. Ta gaishe ni, ta gaishe da Malam, ta ce, "Silifas ɗin nan suna nan?"

Ban sa ta tuƙi ba ranar. Na ja mu zuwa bayan Shuwarin, na faka nesa da kwalta a inuwar wata tsamiya, na kashe mota. Na ce ta kalli hanya ta riƙa gaya mini wa ke wurinsa, wa ba ya wurinsa. Ta zuba wa hanya ido. Can ta ce, "Wancan mai jar motar ya wuce tun ɗazu bai koma ba." Can kuma, "Ga shi ya sa na bayansa zai bi ta dama." Awa ɗaya muka yi. Malamar makaranta ce, da ta fara gyara wa mutane ba ta son tsayawa. Kwana uku muna haka, sannan fili da jarkoki kamar sabuwa, sannan cikin gari, sannan Shuwarin mu juyo. Ina rufe mata madubi da tafin hannu ina cewa, "Me ke bayanki?"

Ranar Litinin ta sati na uku muka ɗauki Alhaji. Ta hau babbar hanya ta kama dama. Kafin mu kai inda abin ya faru, muka tarar da wata tsohuwar babbar motar kaya, roka, ɗauke da itace tana tafiya kamar za ta tsaya. Rabi ta rage, ta bi bayanta. Muka wuce wurin, kwarin na nan, ciyawa ta rufe shi. Ba ta kalla ba, ni ma ban nuna ba. Muka ci gaba da bin itace. Na duba agogo, na ga idan aka daɗe a haka za a ba wani gadon wankin Alhaji. Na haɗa hannuwana a cinya, nesa da birki.

Na ga idonta ya hau madubin tsakiya, ya sauka na gefe. Wata ƙaramar mota na tahowa a hagu, ta bari ta wuce. Ta sake dubawa. Ta sa sigina, ta leƙa ta kafaɗa, ta sauke giya, ta fita. Muna tsakiyar rokar sai ga farar bas can baya tana tahowa da gudu, ta ba da wuta sau ɗaya. Na ji numfashin Rabi ya canja, amma ƙafarta ba ta bar totur ba. Ta wuce kan rokar, ta ƙara gaba, tana magana ƙasa-ƙasa: "Fitila biyu. Lamba." Ta sa sigina ta dawo dama. Bas ta wuce ta hagu, direban ya ɗan taɓa hon, gajere, ya ɗaga hannu.

Ta ce, "Mama, zagina ya yi?"

Na ce, "A'a. Godiya ce."

Alhaji, da muke zaton barci yake, ya ce daga baya, "To a amsa masa mana."

Ta taɓa hon sau ɗaya. Mun isa da sauran minti ashirin.

Ranar Alhamis ban raka su ba, ba ta kuma nema ba. Yanzu shekara ta biyu kenan tana kai shi tana dawo da shi, bai sake tsallake rana ba. Ɗalibai sun dawo a hankali, yawancinsu malaman makarantarsu ne, ita ta turo su.

Wadda ta ce aikin zama ne a gefe, ba ta yi ƙarya ba. A gefe nake zaune ranar da na ce "ƙyale shi." Idan har yanzu kuna so, ku zo ranar Asabar da hantsi. Ku bar lasisin a gida, ba za ku taɓa sitiyari ba. Akwai wata tsamiya bayan Shuwarin, a can za mu fara.